Kariya

kariya (suna, mace) 1. Abin da ke shiga tsakanin mutum da cuta, kamar katanga ko garkuwa. 2. (shari'a) Hujjar da wanda ake tuhuma yake kawowa don kotu ta wanke shi, ko da ya aikata abin da ake zarginsa da shi. *Lauyansa ya ce kariyarsa ita ce taɓin hankali.*

Kundin Finalkod na Arewacin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi irinta da dama. Sashe na 50 ya ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba. Na 51 ya ɗauke wa mai taɓin hankalin da bai san abin da yake yi ba. Na 52 ya shafi wanda aka ɗura wa abin maye ba da saninsa ba, amma wanda ya sha da kansa ba ya cikin wannan.

Wata kariyar kuma ita ce kare kai, sashe na 59 zuwa gaba. Manomin da aka zaro wa adda a gonarsa yana da ikon kai duka. Idan maharin ya yar da addar ya juya da gudu, shi kuma ya bi shi ya sara, to ramuwa ce, ba kariya ba, komai zafin ransa.

Tsokana ba ta wanke mai kisa. Sashe na 222 sassauci kawai yake yi masa, ya tsira daga hukuncin kisa. Rashin sanin doka kuwa ba kariya ba ne.