Baiwa, Dama da Naci: Darasi daga Tarihin Bill Joy

Gabatarwa

Manomin auduga na ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san abubuwa uku ne ke kawo amfanin gona: iri mai kyau, da ƙasa mai ƙarfi wadda damina ta wadata, da kuma noma. In aka rasa ɗaya, sauran biyun ba su wadatarwa. Manufar wannan lacca ita ce a ɗauki wannan ma'auni a auna rayuwar Bill Joy, mutumin Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara wajen rubuta manhajar kwamfuta, watau jerin umarnin da na'urar ke bi ta yi aiki. Abin da ake son ganowa shi ne: me ya kai shi inda ya kai? Baiwa ce, ko dama, ko naci? Amsar ta shafi kowane yaro mai kaifin basira da ke zaune yau a Bakori ko Danja ko Ƙafur.

Zamanin kati mai huji

Kafin a gane irin damar da Joy ya samu, sai an san wahalar da na gabansa suka sha. Asalin al'amarin daga masaƙa ya fito. Wajen shekarar 1804 wani Bafaranshe, Joseph Jacquard, ya ƙera masaƙa wadda ke bin hujin da aka yi wa katuna ta fitar da adon zane. A 1890 Herman Hollerith ya yi amfani da kati mai huji wajen ƙidayar jama'ar Amurka. Daga nan katin ya shiga aikin kwamfuta, kowane kati ɗaya yana ɗauke da layi ɗaya na umarni.

Mai rubuta manhaja a wancan zamani yakan huda katunansa, wani lokaci ɗaruruwa, ya miƙa wa ma'aikacin na'ura, ya koma ya jira, kamar yadda manomi ke jiran layin awo a fulotin auduga. Sakamako yakan fito bayan sa'o'i, ko ma sai washegari. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya gyara, ya sake bin layi. Mutumin da ke samun gwaji biyu ko uku a yini ba zai ƙware da wuri ba, komai basirarsa.

Baiwa da dama

An haifi Bill Joy a 1954 a jihar Michigan. Tun yana yaro aka san shi da kaifin ƙwaƙwalwa, musamman a lissafi, har ya shiga Jami'ar Michigan a 1971 yana da shekara 16. Baiwarsa ba abin musu ba ce. Amma bai je don koyon kwamfuta ba. Ya tarar da ita ne a can.

Jami'ar Michigan tana cikin 'yan ƙalilan da suka riga sauran barin dogaro da kati. Tun 1967 ta fara tsarin karɓa-karɓa, inda babbar na'ura guda ke sauraron mutane da yawa, tana ba kowa ɗan lokaci da sauri ƙwarai, har kowa ya ga kamar shi kaɗai take yi wa aiki. Ɗalibi sai ya zauna gaban allon rubutu, ya buga umarni, ya ga amsa nan take, ya gyara kuskurensa. Daɗin daɗawa, a shekarar da Joy ya shiga ne jami'ar ta buɗe sabuwar cibiyar kwamfuta, wadda ba a rufe ta dare da rana. Abin da na baya ke koyo a mako, shi yana iya gwada shi a dare ɗaya.

Dama ta biyu ta same shi a Jami'ar California da ke Berkeley, inda ya tafi ƙarin karatu a 1975. A wannan shekara Ken Thompson, wanda shi da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro tsarin Unix a ɗakin binciken kamfanin Bell tun daga 1969, ya zo Berkeley ya zauna na shekara guda. Unix uwar manhaja ce, watau ita ke tafiyar da na'ura, sauran manhajoji su hau kanta. Kamfanin tarho na AT&T, mai mallakarta, wata yarjejeniya da ya yi da gwamnati a 1956 ta hana shi shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba. Saboda haka ya riƙa ba jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan, har da ainihin rubutun cikinta. Ɗalibi yana iya karanta aikin gwanaye layi-layi, ya kwance, ya sake ɗaurawa.

Naci

Duk da haka, ɗalibai dubbai ne suka ratsa Michigan da Berkeley a waɗannan shekaru, ba kuma duka suka zama Bill Joy ba. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Joy yakan shafe sa'o'i takwas zuwa goma a yini yana rubutu, sau da yawa har tsakar dare. A 1976 ya rubuta vi, manhajar gyara rubutu wadda har yau masana ke aiki da ita da 'ya'yanta. Layin tarhon da ke haɗa shi da na'ura ba ya wuce harafi talatin a sakan ɗaya, wannan ƙunci kuwa ya sa ya tsara umarninta gajeru. A 1978 ya tattara gyare-gyaren da aka yi a Berkeley a faifai, ya riƙa aika wa masu bukata, da sunan BSD. Daga bisani ya yi aiki a kan shigar da ƙa'idojin sadarwa na TCP/IP cikin wannan tsari, kuma fitowar 4.2BSD a 1983 ta taimaka ƙwarai wajen yaɗuwar intanet. A 1982 ya haɗu da Vinod Khosla da Andy Bechtolsheim da Scott McNealy a kafa kamfanin Sun Microsystems, inda ya zauna har 2003.

Marubuci Malcolm Gladwell, a littafinsa Outliers na 2008, ya kafa hujja da wannan tarihi cewa ƙwarewa tana bukatar aikin sa'a 10,000. Ya ɗauko adadin ne daga binciken da Anders Ericsson da abokansa suka buga a 1993 a kan masu koyon gogen Turawa a Balin. Sai dai Ericsson da kansa ya yi gyara: adadin matsakaici ne kawai, kuma abin da ke sa ƙwarewa shi ne aikin da ake yi da niyyar gyara rauni, ana ganin kuskure ana gyarawa. Manomi ma ya san ba yawan kwana a gona ne noma ba. Firi da maimai kowanne da lokacinsa da yadda ake yinsa. A nan ne dama da naci suka haɗu, domin tsarin karɓa-karɓa shi ne ya riƙa nuna wa Joy kuskurensa nan take.

Abin da ya shafi ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Tarihin wannan yanki ya nuna abu guda. Manomansa sun iya auduga tun kafin zuwan Turawa, masaƙan ƙasar Hausa kuwa da ita suke aiki. Amma ba ta zama babbar hajar fitarwa waje ba sai da aka kawo irin Allen wajen 1912, kamfanin B.C.G.A. ya kafa injinan gurza, aka kuma gama layin dogo daga Zariya ta Funtuwa zuwa Ƙaura Namoda a 1929. Gwanintar tana nan tun da. Hanya ce ta zo daga baya. Haka kuma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya kawo taki da iri da hanyoyin karkara, amma masu bincike sun nuna manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyarsa. Watau dama ba ta raba kanta daidai. Sai an tsaya an raba ta.

Ta fuskar ilmi ma akwai misali kurkusa. Farfesa Iya Abubakar ya fito daga Belel ta ƙasar Adamawa, ya bi ta Kwalejin Barewa da Ibadan da Cambridge, ya zama shehin malamin lissafi, kana ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, aka kuma sa wa cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunansa. Da ba a sami makarantar da ta karɓe shi ba, da baiwarsa ta tsaya a ƙauye, ba wanda ya ji labarinta.

Kammalawa

Baiwa ba ta zaɓar gari, kuma ba mutum ke bayar da ita ba. Naci yana wuyan mai shi. Cikin abubuwan nan uku, dama ce kaɗai ke hannun jama'a da hukuma. Wayar hannu ta yau ta fi babbar na'urar Michigan ta 1971 ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka tsadar na'ura ba ita ce babbar matsala ba yanzu. Abin da yaron Funtuwa ko Malumfashi ke bukata shi ne irin abin da Joy ya samu: ɗaki a buɗe, da wutar lantarki, da malamin da zai duba aikinsa, da lokaci mai tsawo na gwaji ba tare da tsoron ɓata na'ura ba. Makarantar da ta kulle kwamfutocinta don kada su lalace, daidai take da manomin da ya bar iri a rumbu har damina ta wuce.