Shekarun Mala'iku: Abin da Ya Raba Kan Masu Karanta Fallen

Na fara sanin littafin Fallen ne a hannun ƙanwata a Damagaram, a fassararsa ta Faransanci mai suna Damnés. Kwana biyu ta yi tana karantawa, ta gama tana hawaye. Ƙawarta da ta ara bayanta kuwa ko rabi ba ta kai ba ta dawo da shi tana tsaki. Daga baya na gane cewa wannan saɓani nasu shi ne ya raba kan masu karanta littafin a Amurka, inda aka rubuta shi.

Asalin abin ya faro ne daga 2005, lokacin da Stephenie Meyer ta fitar da Twilight, labarin budurwar da ta kamu da son mai shan jini. Kasuwar da ya yi ta sa kamfanonin ɗab'i suka shiga neman wata halittar da za ta gaje shi, sai suka dace da mala'iku. A 2009 Becca Fitzpatrick ta fitar da Hush, Hush, Lauren Kate ta biyo baya da Fallen. Halo na Alexandra Adornetto ya fito a 2010, Unearthly na Cynthia Hand a 2011.

Labarin Fallen shi ne: an kai Luce Price makarantar kangararru ta Sword & Cross a jihar Jojiya, ta haɗu da Daniel Grigori, mala'ikan da aka koro daga sama. Ashe sun sha haɗuwa. Duk bayan shekara 17 sai ta so shi, ta ƙone ta mutu, a sake haifo ta ba ta tuna komai, shi kuma yana tune da komai. Sunan Grigori ma daga tsohon Littafin Anuhu ya samo asali, wanda ke ba da labarin mala'ikun da suka sauko suka auri 'yan Adam, littafin da aka adana cikakkensa da harshen Ge'ez a Habasha.

Wannan mutuwa da dawowa ita ce ta raba jama'a. Masu son littafin, irin ƙanwata, sun ga soyayyar da ko kabari bai iya kashewa ba. Yarinyar da take ganin babu wanda ya damu da ita ta samu labarin da ke ce mata akwai mai jiranta tun dubban shekaru. Su ne suka kai littafin jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times, suka kuma rabu gida biyu, 'yan bayan Daniel da 'yan bayan Cam, abokin takararsa.

Masu suka kuwa tambaya ɗaya suke yi: me Luce ta gani? A haɗuwarsu ta farko Daniel zagi ya yi mata da yatsa, ya ci gaba da share ta yana ɓoye mata gaskiya, amma ta nace. Marubuciyar ba ta buƙatar nuna yadda so ya ginu, tunda ta ce tun wata rayuwa aka ƙulla shi. A ganinsu ana koya wa 'yan mata ne su ɗauki wulaƙanci a matsayin alamar ƙauna. Irin wannan suka ta fi zafi a kan Hush, Hush, inda Patch ke bibiyar Nora yana tsorata ta.

A gidanmu an ƙara da wani saɓanin. Yayanmu ya ce mala'iku ba sa saɓo, ba sa aure, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa duniya. Kakarmu da aka ba ta labarin cewa ta yi, "Ai wannan 'yar wabi ce." A wurinta wanda ke mutuwa yana dawowa abin tausayi ne ga iyayensa, sai ta tambayi abin da bai dami Daniel ba: ina uwayen da suka yi ta binne Luce?

Ina ganin marubutan sun ji koken. A Daughter of Smoke and Bone na Laini Taylor, wanda ya fito a 2011, Karou ta tuna rayuwarta ta baya, sai dai tunawar ba ta wanke mala'ika Akiva daga laifin da ya yi wa mutanenta ba, ta juya masa baya. Ita ma Lauren Kate, a Rapture na 2012, ta miƙa wa Luce zaɓin ƙarshe. Amma kafin nan hankalin matasa ya koma kan The Hunger Games da Divergent, inda budurwa ke ɗaukar makami da kanta. Fim ɗin Fallen na Scott Hicks bai fito ba sai 2016, kuma ba a yi masa na biyu ba.

Ƙanwata yanzu tana da 'ya'ya mata biyu, littafin yana nan cikin akwatinta. Na tambaye ta ko za ta ba su idan sun girma. Ta ce za ta ba su, amma sai sun gaya mata abin da Daniel ya yi da ya cancanci a so shi.