Yadda Japan Ta Bi Amurka Har Gida a Wasan Besbol

'Yan uwa, makon nan mu leƙa Japan. A 1872 wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya koya wa ɗalibansa na Tokyo besbol, wasan dukan ƙwallo da kulki. Da taurarin Amurka, ciki har da Babe Ruth, suka je a 1934, ko wasa ɗaya Japanawa ba su ci ba. Sai dai tun 1915 suna da gasar makarantun sakandare ta ƙasa, inda ake rainon 'yan wasa, a 1936 kuma suka kafa gasar ƙwararru. Sannu ba ta hana zuwa: sun ɗauki kofin World Baseball Classic a 2006 da 2009, a 2023 suka doke Amurka 3-2 a Miyami. Idan mun lura, daga filin makaranta nasarar ta taso.