Gulutamet da Magungunan Hana Barci: Gyara ga Ra'ayin Dofamin Kaɗai

Wani ra'ayi da ake ji tsakanin masu nazarin magunguna shi ne cewa duk abin da ke korar barci ta ƙofar dofamin yake shiga ƙwaƙwalwa. Ina ganin an tauye wa gulutamet haƙƙinsa, alhali shi ne babban sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zaburar da juna da shi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A fadamun da ke shan ruwan Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan Kogin Rima a 1984, manomin albasa ko tafarnuwa kan kwana bakin injin ban-ruwa, ɓarin goro a kumatu, yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali. Kafeyin ɗin goron nan yana toshe makarɓan adenosin, sinadarin da ke taruwa idan mutum ya daɗe ido biyu.

Babbar hujjar masu wancan ra'ayi ita ce aikin Wisor da abokansa (2001): ɓerayen da aka cire musu furotin mai kwashe dofamin, maganin hana barci modafinil bai hana su barci ba, haka ma metamfetamin. Hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Sai dai a cikin aikin nan ɗaya, kafeyin ya hana ɓerayen barci fiye da yadda yake hana lafiyayyu. Ashe ƙofar ba ɗaya ba ce. Kuma samun cewa dofamin wajibi ne ga modafinil bai nuna shi kaɗai ya wadatar ba. Ferraro da abokansa sun ga modafinil yana ƙara gulutamet a wasu sassan ƙwaƙwalwar ɓera, yana rage GABA mai kwantar da ita; Solinas da abokansa (2002) kuma sun ga kafeyin yana sakin dofamin da gulutamet tare.

Dole in rage faɗin da'awata a nan. Makarɓin adenosin na A1 ne ke danne fitar gulutamet, amma Huang da abokansa (2005) sun nuna ɗan'uwansa A2A ne ke ɗauke da aikin kafeyin na hana barci. Saboda haka ba zan ce gulutamet ne mabuɗi ba. Abin da hujja ta yarda da shi, a ganina, shi ne gulutamet na sauya yanayin da magani ke tararwa. A Zurich, Hefti da abokansa (2013) sun sami ƙaruwar makarɓan gulutamet na mGlu5 a ƙwaƙwalwar mutanen da suka kwana ba barci, kuma makarɓan nan suna aiki kafaɗa da kafaɗa da A2A (Ferré, 2002).

In haka ne, goron da manomin nan ya ci da hantsi bayan ya yi barci ya ƙoshi, da wanda ya ci a dare na uku na ban-ruwa, mai yiwuwa ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da nauyinsu ɗaya. Duk gwajin da za a yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya kamata ya fara da auna bashin barcin da ke kan mutum kafin a auna abin da ya ci.