Zaɓen shugabannin ƙungiyar masu gidaje: abin da doka ta tsara da abin da ta bar wa mambobi

A gari irin Darki da ke Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, ƙungiyar masu gidaje ko ta ci gaban unguwa ce kan tara kuɗin 'yan sintiri, gyaran magudanar ruwa da na taransifoma. Wanda aka zaɓa shi zai riƙe wannan amana, shi ya sa zaɓen kan yi zafi.

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin kafa ƙungiya. Sai dai shirya irin wannan zaɓe ba aikin INEC ba ne, ba kuma na KANSIEC ba, wadda hurumin ta zaɓen ƙananan hukumomi ne. Dokar da ta fi shafarsa ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wato CAMA, wadda ta maye gurbin ta 1990. A ƙarƙashinta ƙungiya kan yi rajistar amintattunta, aƙalla mutum biyu, a hukumar CAC.

Dokar ba ta faɗi yadda za a kaɗa ƙuri'a ba. Abin da ta wajabta shi ne kundin ƙungiyar ya fayyace yadda ake naɗa shugabanni da sauke su, wa'adin amintattu, tsarin taruka, da yadda ake kashe kuɗi da binciken asusu. Saboda haka kundin ne alƙalin farko, kuma wanda aka kwafo daga wata ƙungiya don kawai a samu takardar rajista ba ya raba gardama ranar zaɓe.

Hanyoyin da aka saba da su huɗu ne. Masalaha, inda dattawa kan daidaita a tsayar da mutum ɗaya, tana kiyaye zumunci, amma takan rufe bakin matasa. Ɗaga hannu ya fi sauri. Ƙato bayan ƙato, wanda ya shahara a farkon shekarun 1990 lokacin da Farfesa Humphrey Nwosu ke jagorantar hukumar zaɓe ta ƙasa, yana da wuyar maguɗi domin kowa na ganin layi. Aibinsa a unguwa babba ne: da wuya mutum ya tsaya bayan abokin hamayyar surukinsa, ko na wanda yake binsa bashi a kasuwa. Inda ake tara kuɗi masu kauri, ƙuri'ar sirri ta fi dacewa, muddin an ƙidaya ta nan take a gaban wakilan 'yan takara.

Rigima ta fi tasowa a kan wanda ya cancanci jefa ƙuri'a. Shin gida ne ke da ƙuri'a ko mutum? Mai gidaje uku ƙuri'a nawa gare shi? Gidan gado da magada suka cika fa, wa zai wakilce shi? Haka batun ɗan haya da ke biyan kuɗin sintiri duk wata, da mai gidan da ke aiki a Abuja yana son aiko wakili, da wanda ake bi bashin kuɗin ƙungiya. Ƙungiyoyin gama kai sun huta, domin ƙa'idarsu ita ce mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya. Masu gidaje kuwa sai sun rubuta tasu, tare da adadin mahalartan da taro ba ya inganta sai da su.

Akwai kuma bambanci tsakanin shugabannin gudanarwa da amintattu, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Fili da sauran kadarorin ƙungiya mai rajista suna ƙarƙashin amintattu, kuma cin zaɓen shugaba ba ya sauya su. Sai babban taro ya zartar da ƙuduri, an buga sanarwa a jarida, an bar kwana 28 ga mai ƙorafi, sannan CAC ta amince. Doka ta hana wannan muƙami ga ƙaramin yaro, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da wanda ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin.

Idan aka kai ga shari'a, kotuna ba su cika shiga harkar cikin gidan ƙungiya ba sai an nuna an saɓa wa kundinta. Takardar kiran taro, rajistar mambobi da rubutaccen bayanin taro mai sa hannu su ne hujjar da za a nema.