Kusheyin Durɓi, Tsakanin Daura da Katsina

Duk wanda ya taso daga ƙasar Dutsi ya dosa Mani, yana ratsa jigawa da gonakin gero da dawa da wake, inda kukoki ke tsaitsaye tun zamanin kakanni, to kuwa yana tafiya ne a kan ƙasar da ta haɗa Daura da Katsina, kuma a cikinta akwai wani ɗan ƙauye wanda baƙo ba zai waiwaye shi sau biyu ba, alhali ma'abota ilmin tarihi sun ba shi daraja irin wadda ba su bai wa manyan birane da yawa ba. Sunansa Durɓi ta Kusheyi, a ƙaramar hukumar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina. A gefensa akwai waɗansu tuddai na ƙasa waɗanda hannun ɗan Adam ya tara.

Bisa ga riwayar da aka gada, Kumayau, ɗan Bawo, jikan Bayajida wanda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, shi ne ya fito daga Daura ya kafa sarauta a wannan yanki, zuriyarsa kuma, wato Durɓawa, suka yi ta gadon mulki har zuwa kan Sanau. Shi Sanau ɗin ne Korau, mutumin 'Yanɗoto, ya kayar a kokawa ya kashe, ya karɓe sarautar, kuma daga Muhammadu Korau ne malamai ke fara lissafin sarakunan Katsina Musulmi, a cikin ƙarni na 15. Durɓawa dai ba su ɓace ba, domin sarautar Durɓi ta wanzu a cikin manyan sarautun Katsina.

Wannan duk magana ce ta baka, kuma mai hankali ya san yadda maroƙa da fadawa ke ƙara wa labari gishiri. Hujjar da ta fi ƙarfi daga cikin ƙasa ta fito. A shekarar 1907, a farkon zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Baturen mulki Palmer ya sa aka tona waɗansu daga cikin tuddan. Sai dai shi Palmer, duk da himmarsa wajen tara labarai, mutum ne mai gaggawar jingina asalin kowane abin kirki na ƙasar Hausa ga Gabas, saboda haka ake karanta hukuncinsa da taka-tsantsan. A 1992 masana daga Jamus, tare da hukumar adana kayan tarihi ta Nijeriya, suka tona tuddai uku, suka tarar kowannensu kabari ne na wani babban mutum da aka binne da dukiyarsa.

Abin da aka samu ya isa abin mamaki: kayan ado na zinariya, da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da wata tasa ta ƙarfe wadda aikinta ya nuna daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta zo. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka auna shekarunsu, aka gane kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16, sa'an nan aka mayar da su Nijeriya. Shi kuwa wurin da aka samu cikin kayan daga tekun Indiya yake fitowa, kafin ya iso nan sai ya ratsa hannun fatake da ayarin raƙuma na Sahara. Ashe tun kafin Shehu Magili ya sauka Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, masu mulkin wannan jigawa suna ma'amala da duniya mai nisa, suna sayen kayan Musulmi, amma suna binne matattunsu da dukiya bisa al'adar da shari'a ba ta san da ita ba.

Abin takaici shi ne ɗalibi a Dutsi ko Mashi ko Sandamu yakan haddace labarin dalar Masar, bai taɓa taka wannan wuri da ke kusa da gidansu ba. Muna roƙon malaman makarantu da hakimai da hukumomin ilmi na jihar Katsina su riƙa kai yara su gani da idonsu, a kuma tsare tuddan da suka rage daga garma da zaizayar ruwan damina.