Dutse da Laka: Raƙuman Dawan Dabus da Masallacin Agadas a kan Hanyar Arlit

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana maganar Arlit sai a ce gari ne marar tarihi. Masu wannan magana suna da hujjarsu. A shekarar 1969 aka kafa garin, shekara guda bayan kafa kamfanin SOMAIR, a 1971 kuma aka fara fitar da ƙarfen yuraniyom. Akokan ƙanensa ne, ya tashi tare da kamfanin COMINAK wanda aka kafa a 1974, ya soma haƙa a 1978. Akasarin dattawan garuruwan nan biyu ba a can aka yanke musu cibiya ba: daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da tsaunukan Ayar suka zo neman aiki.

Amma ƙuruciyar gari ba ita ce ƙuruciyar ƙasa ba. A cikin wannan ƙasida za mu bi hanyar da ta tashi daga Arlit ta yi kudu zuwa Agadas, tafiyar kimanin kilomita 240, mu tsaya a wurare biyu: dutsen Dabus mai sassaƙen raƙuman dawa, da babban masallacin Agadas. Za mu bayyana abin da mai ziyara zai gani a kowanne, sannan mu nuna cewa kulawar da ɗaya yake bukata kishiyar wadda ɗayan yake bukata ce. Rashin gane wannan bambanci yana iya jawo mana asarar su biyun.

1. Ƙasar da Arlit ta tarar

Haƙar ma'adini a yammacin Ayar ba da yuraniyom ta fara ba. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a Takadda, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake narkawa a can ana kai shi har Gobir da Barno. Masana da dama sun yarda cewa kufan Azelik, a yankin Ingal, shi ne Takadda. A nan Azelik ɗin ne Faransawa masu neman jan ƙarfe suka ci karo da yuraniyom a 1957. Ke nan tsohuwar sana'a ce ta nuna wa sabuwa hanya.

Idan muka ƙara komawa baya, za mu tarar da ƙasar ba hamada ba ce. Daga wajen shekara 10.000 zuwa 5.000 da suka wuce Sahara tana samun ruwan sama, da tafkuna, da ciyawa, da namun daji. Maƙabartar Gobero da ayarin Paul Sereno ya gano a gefen Tenere a shekarar 2000 ta nuna mutanen da suka zauna a bakin tafki suna su, an kuma samu ƙasusuwan kada da dorina a inda yau babu komai sai rairayi. Mutanen irin wannan zamani ne suka bar mana aikin da ke Dabus.

2. Dabus: sassaƙa a jikin dutse

Dabus yana wajen kilomita 110 arewa da Agadas, kusan tsakiyar tafiya ga wanda ya fito daga Arlit, ba nisa da kwalta. Daga nesa ba a ganin komai sai tarin duwatsu irin waɗanda suka cika yankin. Sai an hau sama ake tarar da wani falalen dutse mai ɗan gangare, a jikinsa raƙuman dawa biyu. Babban, wanda ake ɗauka namiji ne, tsawonsa mita 5,4 daga kai zuwa kofato, wato girman dabbar mai rai. Ƙaramar, wadda ake ɗauka mace ce, tana gefensa. Masana suna kintata shekarun aikin tsakanin 6.000 da 8.000.

Abu na farko da ya kamata mai ziyara ya lura da shi shi ne lokacin zuwa. Da rana tsaka haske yana sauka kai tsaye, sassaƙen ya baje, ido ya wuce shi. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske yake zuwa a karkace, inuwa tana cika kowane rami, sai dabbar ta fito kamar za ta ɗaga wuya.

Abu na biyu shi ne aikin hannu. Masu sassaƙar ba su san ƙarfe ba. Da dutsen da ya fi falalen tauri suka yi aikin. Ba dabara ɗaya suka bi ba. Sun haƙa layin da ya kewaye jiki da zurfi, suka goge shi ya yi santsi. Sun kankare tsakanin dabbare-dabbaren fata, kowane tabo ya tsaya da kansa, manya a gangar jiki, ƙanana a ƙafafu, yadda suke a jikin dabbar. A wajen kai sun rage dutsen da ke kewaye, fuska ta ɗan taso. Ido, kunne, ƙahonin nan gajeru, gezar wuya, gwiwa da kofato, babu wanda aka yi da ka. Wanda ya yi wannan aiki ya daɗe yana kallon raƙumin dawa a kusa.

Abu na uku shi ne wani layi da ya fito daga bakin kowace dabba, ya gangaro yana lanƙwasa har ya iske wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu masana sun fassara shi da igiyar farauta, wasu da ƙoƙarin sabar da dabbar, wasu kuma da alaƙa ta addini ko ta tatsuniya tsakanin mutum da ita. Irin wannan layi yana fitowa a zanen raƙuman dawa na wasu wurare a Sahara, abin da ke nuna al'ada ce mai faɗi, ba ra'ayin mutum ɗaya ba.

Raƙuman dawan ba su kaɗai ba ne. An ƙirga zane sama da 800 a duwatsun wurin: shanu, jiminu, bareyi, karkanda, raƙuma, mutane, da rubutun Tifinag na Abzinawa. Shanu na zamanin makiyaya ne, raƙumi ya zo daga baya da ƙasa ta bushe, rubutu ya biyo. Dutsen ya zama kamar allo wanda kowane zamani ya rubuta nasa darasi ba tare da ya wanke na magabata ba.

Makiyayan yankin sun san wurin tun da daɗewa. Masanin Faransa Christian Dupuy ne ya fara rubuta labarinsa a 1987, hotunan David Coulson na 1997 kuma suka sanar da duniya. A 1999 aka ɗauki zubinsa, aka zuba kwafi na alminiyom, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Dabbar kanta kuwa ta bar Ayar tuntuni. Babban garken irinta da ya rage a Afirka ta Yamma yana wajen Kure, kusa da Yamai, inda a 1996 ya ragu zuwa 49 kafin kariya ta sa ya sake yawaita.

3. Masallacin Agadas: gini da laka

Daga Dabus hanya ta ci gaba zuwa kudu, ta kai mu wani zamani dabam. An kafa sarautar Ayar a farkon ƙarni na 15 da Sarki Yunus, a tsakiyar ƙarnin kuma fada ta koma Agadas a zamanin Ilisawan. Garin ya zama mahaɗar ayarin da ke tsakanin ƙasar Hausa da Gat da Gadamas da Tuwat, kamar yadda Djibo Hamani ya nuna a littafinsa na 1989 kan sarautar Ayar. Ruwayar da aka fi sani ta ce an gina masallacin a wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songai ya ci garin, tana kuma danganta ginin da wani waliyyi mai suna Zakariya. An sake gina hasumiyar a 1844. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya gan ta a watan Oktoba na 1850 tana sabuwa.

Tsawon hasumiyar mita 27 ne, ita ake ƙirgawa mafi tsawo a duniya cikin hasumiyoyin laka zalla. Tambayar da ya kamata mai ziyara ya yi ita ce: yaya laka ta kai can ba ta rushe ba? Amsar tana a fili ga mai lura. Da farko, siffarta. Kusurwa huɗu gare ta, gindi mai faɗi, tana tsukewa tana hawa. A kintacen Barth faɗin gindin ya kai mita 9, saman kuwa bai kai mita 3 ba. Saboda haka nauyi yana raguwa a daidai inda bango yake ƙara nisa da ƙasa. Na biyu, itacen da ke fitowa daga jikinta jeri-jeri kamar ƙayar bushiya. Barth ya ƙirga jeri 13, ya ce itacen goruba ne. Ba ado ba ne kawai: yana ɗaure bangaye huɗun kada su buɗe, yana kuma zama matakalar magina idan lokacin yaɓe ya yi. Ginin yana ɗauke da tsanin gyaransa a jikinsa. Na uku, ƙananan tagogin da ke kowane gefe, masu ba matakalar ciki haske da iska ba tare da sun raunana bango ba.

Wanda ya hau wannan matakala, wadda take ƙara ƙunci har sai an sunkuya, zai gane cewa ba don kiran salla kaɗai aka yi hasumiyar ba. Daga samanta ana hango fadar Sarkin Abzin da ke maƙwabtaka da ita, da unguwanni 11 na tsohon gari, da fili har gindin tsaunuka. Wurin tsaro ce da ake hango mahara, alama ce kuma da ayari yake hangowa ya san ya iso.

Cikin masallacin akasin wajensa ne. Rufin gajere ne, ginshiƙai masu kauri, sahu-sahu masu ƙunci, haske kaɗan, ga sanyi ko da rana ta take. Gajartar azara ce ta ƙayyade tazarar ginshiƙai, domin ƙasar ba ta da dogayen itatuwa. Ba a yi ɗakunan salla a lokaci ɗaya ba. An yi ta ƙari ne gwargwadon yawan jama'a, batun da Patrice Cressier da Suzanne Bernus suka yi nazari a kansa a 1984. Babu hoton mutum ko na dabba ko ɗaya. Kyan wurin yana cikin daidaito, da kaurin bango, da sawun tafin hannun masu yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

4. Kulawa iri biyu

A wasu ƙasashe sassaƙa da ɗakin ibada abu ɗaya ne. Haikalin Kailasa na mabiya addinin Hindu da ke Elora a Indiya, na ƙarni na 8, daga dutse guda aka sassaƙo shi tun daga sama zuwa ƙasa, giwaye da gumaka da ginshiƙai duk jiki ɗaya. Mai kula da shi aiki ɗaya ne a gabansa. A Ayar tarihi ya raba abubuwan biyu: sura tana kan dutse a daji, ɗakin ibada yana cikin gari ba sura. Aikinmu ya zama biyu.

Dutsen Dabus so yake a ƙyale shi. Ya yi dubban shekaru a rana da iska bai ɓace ba, amma cikin ƴan shekarun da ya yi suna aka fara ganin sawun takalmi, da sunayen da baƙi suke kartawa, da gutsattsarin da aka ɓalle aka tafi da su. Wannan ne ya sa aka saka shi a jerin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari na World Monuments Watch a shekarar 2000, aka haƙa rijiya, aka zaunar da masu gadi daga cikin Abzinawan yankin. Duk abin da aka karce a can ya tafi ke nan, domin maƙerinsa ba ya da magaji.

Masallacin kuwa so yake a taɓa shi. Ruwan Agadas bai cika wuce milimita 150 a shekara ba, amma yakan zo a dunƙule, ya wanke yaɓe, ya shiga tsaga, ya jiƙa gindin bango. Ginin laka da aka bari damina biyar ba gyara ya kama hanyar zama tudu. Mun ga misali a kusa: rufin babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta kan masallata a watan Agusta na 2023, an rasa rayuka, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe a watan Satumba na 2024 bayan ruwa mai yawa, daminar da ta yi ɓarna a tsohon garin Agadas ma. Sannan ba kowane gyara ne gyara ba. Siminti a kan laka yana hana bango numfashi, ya tsare danshi a ciki, har ranar da zai ɓanɓaro ya taho da bangon. Abin da ke riƙe da hasumiyar shi ne maginan da suka san inda ake ɗebo ƙasa, da yadda ake cuɗa ta da ciyawa, da kwanakin da za ta yi tana ruɓa. Ranar da aka rasa mai koyon wannan sana'a, takardar UNESCO ba za ta tare ruwa ba.

Kammalawa

Mun nuna cewa Arlit sabon gari ne a kan tsohuwar ƙasa, kuma gadon da ke kan hanyarsa iri biyu ne: na dutse wanda hannu yake kashewa, da na laka wanda hannu yake rayawa. Daga nan muna ba da shawara uku. A riƙa kai ɗaliban makarantun Arlit da Akokan waɗannan wurare idan hali na tsaro ya ba da dama, domin mutum ba ya kare abin da bai sani ba. A ɗauki bayanin tsofaffin maginan Agadas da Hausa da Tamashek tun suna raye. A kuma tabbatar wa masu gadin Dabus abin da za su dogara da shi ko da baƙi sun ɗauke ƙafa.

Akwai kuma tambayar da ta shafi Arlit kanta. An rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini na kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan, wadda gubarta za ta daɗe fiye da shekarun raƙuman dawan Dabus. Mutanen da suka sassaƙa dutse sun bar abin kallo, waɗanda suka cuɗa laka sun bar wurin salla. Yadda aka binne wannan tari, da yadda aka kiyaye ruwan ƙarƙashin ƙasa daga gare shi, shi ne babin da masu tarihi na gaba za su karanta game da zamaninmu.